Turtle, Hunley, Holland ko U-9: wane jirgin nutso na farko ya kamata ka ɗauka don bincikenka?

Wani ƙanena da ke karatun tarihi a jami'a ya kira ni da daddare ransa a ɗan jagule. An ce kowane ɗalibi ya zaɓi makami guda da ya sauya salon yaƙi ya yi aikin zango a kansa, shi kuma ya ɗauki jirgin yaƙi mai nutso a ƙarƙashin teku. Ya ce, "Yaya, so nake in rubuta a kan na farko, amma duk wanda na buɗa sai in tarar an ce shi ne na farko." Gaskiyarsa. Jirage huɗu ne aka fi ja a kansu, kuma kowanne yana da hujjarsa. Turtle shi ne na farko da aka kai hari da shi. Hunley shi ne na farko da ya nutsar da jirgin abokan gaba. Holland shi ne na farko da rundunar ruwan Amurka ta zamani ta saya ta sa cikin aiki, kuma daga ƙirarsa Birtaniya da Japan suka fara. U-9 na Jamus kuwa ba ya cikin masu neman wannan kambu, amma shi ya tilasta wa manyan hafsoshin duniya suka daina raina jiragen nutso.

Na rubuta wannan ne saboda shi da ire-irensa: ɗalibin da zai yi rubutu, malamin da ke son gina samfuri da 'yan ajinsa, mai shirin rediyo ko bidiyo da ke neman labari guda mai nama, da wanda tafiya za ta kai shi Turai ko Amurka yana so ya ga abin da idonsa.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Abu biyar na duba. Na farko kuɗi, kuma fuska biyu gare shi: abin da aka kashe wajen ƙera jirgin, da abin da kai za ka kashe na lokaci da kayan aiki in ka ɗauke shi. Na biyu ƙarko, wato shekara nawa ya yi yana aiki, kuma ko gangar jikinsa tana nan har yau. Na uku sauƙi, na sarrafa shi ga waɗanda suka shiga ciki da na fahimtarsa gare ka. Na huɗu haɗari, shi ma kashi biyu: rayukan da ya ci, da yiwuwar ka kafa rubutunka a kan labarin da ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai ba. Na biyar, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, me ya aikata da yaƙi ya zo.

Dabarar nutson kanta ɗaya ce a dukkansu. Ka ɗauki jarka ka rufe bakinta ka jefa a rafi, za ta yi ta yawo a sama. Ka buɗe ta ruwa ya shiga, za ta tafi ƙasa. Jirgin nutso yana da tankuna da ake cika wa ruwa in ana so a nutse, a fitar da ruwan in ana so a taso. Inda suka bambanta shi ne abin da ke tura jirgin gaba, iskar da mutanen ciki za su shaƙa, da yadda za a kai wa abokin gaba bam ba tare da an tafi tare da shi ba.

Turtle, 1775

David Bushnell, ɗalibi a jami'ar Yale, shi ya ƙera shi a Connecticut lokacin da Amurkawa suka tayar wa Ingila. Sunan yana nufin kunkuru, don kamar ƙoƙon kunkuru biyu ne aka kifa aka haɗa. Katakon oak ne aka ɗaure da ƙarfe aka shafe da kwalta, tsayinsa bai wuce na dogon mutum da kaɗan ba, kuma mutum ɗaya tal yake ɗauka. Wannan mutum shi ne komai. Da hannu yake juya farfelar gaba, da hannu yake juya ta sama, shi ke riƙe da abin juya akala, shi ke buɗe wa ruwa hanya, shi ke buga famfon fitar da shi. Iskar ciki ta kusan rabin awa ce. Ba a kunna kyandir don kada ya cinye iskar, sai aka manna wani ruɓaɓɓen itace mai ƙyalli a duhu a jikin kamfas da ma'aunin zurfi.

A daren 6 ga Satumba 1776, wayewar garin 7, Saje Ezra Lee ya shiga cikinsa ya nufi HMS Eagle, jirgin yaƙin Ingila na Admiral Richard Howe, a tashar New York. Asali ƙanen Bushnell aka horar, rashin lafiya ta kwantar da shi. Shirin shi ne Lee ya shiga ƙarƙashin Eagle, ya huda cikinsa da wata ƙusa mai murɗi, ya rataya masa albarushi kimanin kilo 68 mai agogon tashi, ya gudu. Ƙusar ta ƙi shiga. Gari ya fara wayewa, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya saki bam ɗin ya tashi a banza cikin kogi. Wata guda bayan haka Ingilishi suka nutsar da ƙaramin jirgin da ke ɗauke da Turtle a kogin Hudson. Bushnell ya ce ya tsamo shi daga baya, amma daga nan aka daina jin ɗuriyarsa.

Ta fuskar kuɗi da sauƙi babu kamarsa. Da kwali, gora da 'yan ƙarafa 'yan aji za su iya haɗa samfurinsa su gane kowane sashe. Ƙarko kuwa babu: bai cika shekara biyu ba, kuma abin da ke gidajen tarihi, kamar na Essex da Groton a Connecticut, duk kwaikwayo ne da aka gina daga bayanin da Bushnell ya rubuta wa Thomas Jefferson a 1787. Bai kashe kowa ba, nasa ko na abokan gaba. Haɗarinsa a kanka yake, domin kundin rundunar ruwan Ingila bai ambaci harin ba, kuma akwai masana tarihi da ke shakkar ya faru yadda Amurkawa suka ba da shi. In ka ɗauke shi, dole rabin aikinka ya zama tantance wa ya faɗi me, kuma yaushe.

H. L. Hunley, 1863

Nan ne labarin ya fi nauyi, kuma nan zan fi daɗewa.

A yaƙin basasar Amurka, rundunar ruwan Arewa ta toshe tashoshin Kudu, ba shiga ba fita. Kudu ba ta da jiragen da za su kara da ita gaba da gaba, sai ta koma neman dabara. Horace Hunley, James McClintock da Baxter Watson sun riga sun gwada jirage biyu ba su kai ko'ina ba kafin su ƙera wannan a Mobile ta jihar Alabama. A watan Agustan 1863 aka ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Charleston.

Ka kwatanta dogon bututun ƙarfe mai kusan mita 12, tsayin cikinsa kimanin mita 1.2, faɗinsa bai kai haka ba. Babu mai iya miƙewa. Mutum bakwai ne zaune a jere a kan benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, a duƙe, suna murza dogon ƙarfe guda mai lanƙwasa da ke juya farfela, kamar yadda ake murza injin taliya, sai dai su awa da awanni suke yi cikin duhu da gumi. Na takwas, kwamandan, yana gaba da kansa cikin wata 'yar hasumiya mai ƙananan tagogin gilashi, yana juya akala da fikafikan nutso. Ƙofa biyu ce, kowacce da ƙyar ƙato zai ratsa. In sun dage sosai suna yin kilomita 7 a awa. Kyandir ɗaya ne fitilarsu, shi ne kuma ke gaya musu iska ta fara ƙarewa. William Alexander, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka gina shi, ya ba da labarin wani gwaji da suka zauna a ƙasan ruwa awa biyu da minti 35, alhali kyandirin ya mutu tun a minti 25 na farko.

Makaminsa ba harbawa ake yi ba. Sandar ƙarfe ce mai kusan mita 5 a goshin jirgin, a bakinta tukunyar tagulla cike da albarushi kilo 61. Sai an je an dangwara ta a cikin jirgin abokin gaba.

Kafin ya taɓa abokin gaba, sau biyu yana cin mutanensa. Ranar 29 ga Agusta 1863 ya nutse a bakin tasha ƙofofinsa a buɗe, mutum biyar suka mutu. Aka tsamo shi. Ranar 15 ga Oktoba, ana atisaye, ya kafe goshinsa cikin laka bai taso ba, duka takwas suka mutu har da Horace Hunley kansa. Aka sake tsamo shi, aka fitar da gawarwaki, aka wanke. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne an sake neman masu shiga, kuma an samu. Janar Beauregard, mai tsaron Charleston, ya so ya haƙura da jirgin, Laftanar George Dixon ne ya shawo kansa.

Daren 17 ga Fabrairu 1864, Dixon da mutanensa bakwai suka fita suka nufi USS Housatonic, jirgin yaƙi mai nauyin tan 1,240 da ke tsaye 'yan kilomitoci daga gaɓa. Wajen ƙarfe tara saura kwata masu gadi suka hango wani abu kamar gungume yana tahowa. Cikin waɗanda suka fara ganinsa akwai Robert Flemming, baƙar fata ne da ke aiki a rundunar Arewa. Aka buɗe masa wuta da bindigogin hannu, don ya riga ya matso kusa ƙwarai, manyan bindigogi ba sa iya sunkuyowa su same shi. Bam ya tashi, Housatonic ya nutse cikin kimanin minti biyar. Mutum biyar suka mutu, sauran suka hau igiyoyi da turakun jirgin domin ruwan wurin ba shi da zurfi. Hunley bai koma gida ba.

Shekara 131 yana kwance cikin yashi kafin a gano shi a 1995, aka ɗaga shi ranar 8 ga Agusta 2000. Da aka buɗe, an tarar da ƙasusuwan mutanen kowa a mazauninsa, ba alamar sun yi rububin ƙofa. A jikin Dixon aka sami tsabar zinariya ta dala 20 a lanƙwashe, wadda ta tare masa harsashi a yaƙin Shiloh a 1862, da rubutun da ya sa aka zana a kanta cewa ita ta ceci ransa. Kafin nan mutane da yawa sun ɗauka wannan zance almara ce. An binne su takwas a maƙabartar Magnolia ta Charleston ranar 17 ga Afrilu 2004. A 2013 masu gyaran jirgin suka ga ragowar tagulla a bakin sandar, abin da ya nuna bam ɗin ya tashi ne yana manne da ita, wato taku kaɗan daga mutanen. A 2017 Rachel Lance ta Jami'ar Duke ta fitar da bincike cewa girgizar fashewar ce ta ratsa ƙarfen ta kashe su nan take. Wasu masanan ba su yarda ba, suna ganin iska ce ta ƙare musu ko ruwa ya shiga. Muhawarar tana nan a buɗe, kuma ga ɗalibi wannan riba ce.

To, a ma'auni. Kuɗi: jirgi ne na 'yan kasuwa masu zaman kansu, ƙarfe da ƙarfin dantse, ba inji ba batir, kuma kai ma ba za ka sha wuya ba domin hotuna da rahotannin tono suna nan birjik a intanet. Ƙarko: wata bakwai kacal ya yi tsakanin ƙera shi da ɓacewarsa, amma gangar jikinsa tana nan a cibiyar Warren Lasch da ke North Charleston, cikin tankin ruwan magani da ke zuƙe gishirin da ya shige ƙarfen. Sauƙi: fahimtarsa ba wuya, sarrafa shi azaba ce. Haɗari: ya kashe nasa 21, na abokan gaba 5. Akwai kuma wani haɗarin da nake so duk ɗan Afirka da zai rubuta a kansa ya riƙe. Ɓangaren da Hunley ya yi wa yaƙi yana kare bautar da baƙaƙen fata ne. Jaruntar mutanen takwas gaskiya ce, kuma za ka iya faɗinta, amma yawancin abin da za ka karanta a kansu da sigar yabo aka rubuta shi. Kada ka kwashe yabon ka juye cikin Hausa ba tare da ka faɗi abin da suke karewa ba, kuma kada ka mance da Flemming da ke tsaye a ɗaya jirgin.

Holland, 1897 zuwa 1901

Kada sunan ya ruɗe ka, ba ƙasar Holan ake nufi ba. John Philip Holland malamin makaranta ne ɗan Ailan da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1873. Masu fafutukar ƙwatar 'yancin Ailan daga Ingila ne suka fara ba shi kuɗin gwaji. Jirginsa na shida aka saka a ruwa ranar 17 ga Mayu 1897 a Elizabeth ta New Jersey, rundunar ruwan Amurka ta saye shi ranar 11 ga Afrilu 1900 a kan dala 150,000. Tsawonsa mita 16 da ɗoriya.

Abin da Holland ya warware shi ne matsalar da ta galabaitar da mutanen Hunley. Ya sa inji biyu. A saman ruwa injin fetur ke tura jirgin yana kuma cajin batura. In za a nutse sai a kashe shi a koma kan injin lantarki, wanda ba ya cin iska ba ya hayaƙi. Duk wanda ya taɓa haɗa janareta da batirin inbata a gida ya riga ya gane tsarin. Iska mai matsi ce ke korar ruwa daga tankuna, ba famfon hannu ba. Makamin kuma tofido ne, bam mai injinsa da farfelarsa da ake harbawa daga bututu ya yi tafiyarsa, jirgin yana nesa. Wannan tsari na inji a sama, batir a ƙasa, shi jiragen nutso suka bi har yaƙin duniya na biyu, sai dai dizal ya maye gurbin fetur.

Birtaniya, wadda Holland ya fara aikinsa don ya cutar, ta sayi lasisin ƙirar. Kamfanin Vickers ya gina guda biyar a Barrow, kowanne a kan fam 35,000, aka saka na farkon, Holland 1, a ruwa ranar 2 ga Oktoba 1901. Shi ya ɗan fi na Amurka girma, mita 19 da rabi, mutum takwas, kuma an sa masa madubin leƙe. Fetur a rufaffen wuri masifa ne, tururinsa na bugar da mutum, tartsatsi kaɗan ya tashi gobara. Saboda haka suke tafiya da fararen ɓeraye a keji, in ɓera ya fara layi an san iska ta ɓaci.

Rauninsa a wannan gasa ɗaya ne, kuma babba: bai yi yaƙi ba. Na Amurka horo ya yi ta bayarwa har aka ajiye shi a 1905. Holland 1 an sayar da shi ga masu fasa ƙarfe a 1913, ya nutse a hanya ana jan sa kusa da hasumiyar Eddystone, ba kowa a ciki. An gano shi a 1981, aka ɗaga shi a 1982, yanzu yana gidan tarihin jiragen nutso na Gosport a kudancin Ingila. Ta fuskar ƙarko Holland 1 ya yi shekara goma sha biyu daga saka shi a ruwa zuwa sayar da shi, ta fuskar tabbacin bayani babu abin shakka, zane-zanensa da takardunsa suna nan. Sai dai gina samfurinsa mai aiki yana son ɗan ilimin lantarki da kuɗin ƙaramin injin lantarki da batir.

U-9, 1910

Shekara hamsin cif bayan Housatonic babu jirgin nutso da ya sake nutsar da jirgin yaƙi, sai ranar 5 ga Satumba 1914 da U-21 na Jamus ya harbi HMS Pathfinder na Birtaniya, a farkon yaƙin duniya na ɗaya. Kwana 17 bayan haka U-9 ya yi abin da ya girgiza Birtaniya.

An gina shi a Danzig, ya fara aiki a Afrilun 1910, a kan kimanin mak miliyan 2.1. Tsawonsa mita 57, nauyinsa tan 493 a sama, mutum 29. Bututun tofido huɗu, biyu gaba biyu baya, tofido shida. Yana yin kusan kilomita 26 a awa a sama, 15 a ƙasa. Jamusawa sun ƙi fetur saboda gobara, dizal ɗinsu kuma bai nuna ba tukuna, sai suka sa injin Körting mai shan kananzir. Wanda ya san risho in lagwaninsa ya lalace ya san matsalar: hayaƙi. Farin hayaƙi yake turnuƙewa ta wani dogon bututu, ana hango shi daga nesa, kuma sai an kwantar da bututun kafin a nutse. Da yaƙi ya fara, U-9 ya riga ya zama tsohon yayi, don tun 1913 Jamus ta koma dizal.

Da asubar 22 ga Satumba 1914, bayan guguwa ta lafa, kwamandansa Otto Weddigen ya taso da shi kusa da gaɓar Holan don cajin batir, sai aka hango turakun jirage. Manyan jiragen yaƙin Birtaniya ne guda uku, Aboukir, Hogue da Cressy, kowanne tan 12,000, tsofaffi, suna tafiya a hankali a miƙe ba kauce-kauce. Ƙananan jiragen da ke musu rakiya guguwa ta mayar da su tasha. Weddigen ya nutse ya harba ɗaya, ya sami Aboukir. Kyaftin ɗinsa ya zaci nakiya ya taka, ya kira sauran biyun su matso su kwashi mutane. Hogue ya tsaya ya sauke kwale-kwale, ya sha biyu. Cressy ma ya tsaya ceto, aka harba masa sauran ukun. Duk lokacin da tofido ya fita, nauyin jirgin kan rikice, sai a sa ma'aikata su ruga gaba ko baya a guje don kada goshinsa ya ɓullo sama. Cikin kusan awa ɗaya da rabi jirage uku suka tafi, mutum 1,459 suka mutu, 837 suka tsira, da yawansu jiragen kasuwancin Holan da masunta ne suka tsamo su. Galibin mamatan sojojin ko-ta-kwana ne magidanta, da yara 'yan makarantar sojan ruwa. Wani yaro ɗan shekara 15, Wenman Wykeham-Musgrave, ya faɗa ruwa daga Aboukir, aka ja shi cikin Hogue, ya sake faɗawa, ya hau Cressy, shi ma aka harbe shi, kuma ya rayu.

Daga ranar rundunar ruwan Birtaniya ta hana manyan jiragenta tsayawa ceton 'yan'uwansu inda ake zargin akwai jirgin nutso. Ka tsaya ka auna wannan umarni: tausayin da ya sa Hogue da Cressy suka tsaya shi aka haramta. Ranar 15 ga Oktoba U-9 ya ƙara da HMS Hawke, mutum fiye da 500 suka mutu. Weddigen bai daɗe ba, ranar 18 ga Maris 1915 HMS Dreadnought na Birtaniya ya take sabon jirginsa U-29, ba wanda ya fita. U-9 kuwa ya ci gaba, ya nutsar da jiragen kamun kifi da na kaya a 1915, aka mayar da shi na horo a 1916, aka miƙa shi ga Birtaniya a Nuwamban 1918, aka farfasa shi a Morecambe a 1919.

Shi ya fi tsada, shi ya fi wuyar fahimta dalla-dalla, samfurinsa kuma ba aikin 'yan firamare ba ne. Amma bayanansa sun fi na kowa ƙarfi don ɓangarorin biyu duk sun rubuta, kuma ya ga shekara huɗun yaƙin ya fita da ransa. Gangar jikinsa babu. Mafi kusa da shi da za ka gani shi ne U-1 na 1906, shi ma mai kananzir, a Deutsches Museum da ke Munich.

| | Turtle | Hunley | Holland 1 | U-9 |
|---|---|---|---|---|
| Ƙasa da shekara | Amurka, 1775 | Kudancin Amurka mai tawaye, 1863 | Birtaniya, 1901 | Jamus, 1910 |
| Mutanen ciki | 1 | 8 | 8 | 29 |
| Abin da ke tura shi | hannu | hannun mutum 7 | fetur da batir | kananzir da batir |
| Makami | bam mai agogo | bam a bakin sanda | bututun tofido 1 | bututu 4, tofido 6 |
| Kuɗin ƙira | aikin mutum ɗaya da 'yan taimako | jarin 'yan kasuwa | fam 35,000 | mak miliyan 2.1 |
| Tsawon aiki | ƙasa da shekara 2 | wata 7 | shekara 12 | shekara 8 |
| Abin da ya yi a yaƙi | hari bai ci ba | ya nutsar da 1 | bai yi yaƙi ba | manyan jiragen yaƙi 4 da wasu ƙanana |
| Ƙarfin hujjoji | akwai ja | mai ƙarfi, da saura muhawara | mai ƙarfi | mai ƙarfi ƙwarai |
| Yana nan? | kwaikwayo kawai | North Charleston | Gosport | babu |

Wanne ya dace da wa

In malami ne kai, kana so yara su taɓa da hannunsu su gane me ke sa abu ya nutse ya taso, ɗauki Turtle. Kayan aikinsa suna bayan gidanku, kuma shakkar da ke kan labarinsa ba za ta dame ka ba tunda kimiyyar kake koyarwa.

In injiniyanci kake karanta, Holland ne naka, ba tantama. Sauran ukun ko dai hanyar da aka bari ce ko reshe ne daga abin da ya kafa. Sai dai in an ce lallai aikin ya ƙunshi fagen fama, to ka haɗa shi da U-9, ka nuna yadda tsarin inji da batir ya kai ga abin da ya faru a 1914.

In tambayarka ita ce yaushe jirgin nutso ya zama makamin da ke sauya shawarar gwamnatoci, ko kana nazarin dabarun yaƙi, U-9 za ka ɗauka. Safiya ɗaya ce, da agogonta da adadinta, da umarnin da ya biyo baya.

In tafiya ce ta kama, ka duba inda za ka sauka. Mai zuwa Ingila ya nufi Gosport, tsallaken ruwa daga Portsmouth, zai ga Holland 1 na ainihi. Mai zuwa Jamus ya nemi U-1 a Munich, amma ya fara tabbatarwa ko ana nuna shi. Hunley ba kullum ake buɗe wa baƙi ba, don haka ka daidaita kwanakinka kafin ka sayi tikiti.

Ƙanena kuwa Hunley na ce ya ɗauka, kuma shi zan ce wa yawancin masu rubutu da masu shirin rediyo. A jirgi ɗaya ya sami ƙira mai sauƙin bayani, hari na gaske, gawar jirgin da za a iya aunawa, tambayar da masana ba su gama amsawa ba, da batun bauta da ya shafe mu kai tsaye. Na ce masa ya fara babinsa na farko daga kan benen Housatonic, inda Robert Flemming yake tsaye yana kallon wani abu baƙi yana tahowa a kan ruwa.